Malam Uwaisu da Haruffan da Suka Ɓace a Kwamfutar Kotu

Duk wanda ya saba bin hanyar Gude zuwa Kabo da sassafe ya san ƙarar babur ɗin Malam Uwaisu tun kafin ya hango shi. Tsohon babur ne ja, wanda sai ya yi tari sau biyu kafin ya yarda ya tashi. Malam Uwaisu ba ya fita sai ya zuba wa awakinsa harawa, ya leƙa maƙwabta an gaisa an tambayi kwanan iyali, sannan ya rataya jakarsa ya kama hanya. Ƙarfe bakwai da rabi a ƙofar ofishin rajista na ƙaramar kotun shari'ar da yake wa aiki take samunsa. Ya buɗe tagogi, ya yaye tsohon zanen atamfar da yake lulluɓe kwamfuta da shi, ya goge ta da tsumma, ya yi bisimilla ya danna. In akwai wuta, madalla. In babu, sai ya jera takardun jiya bisa tsari yana jiran a tayar da janareta na awa biyun da aka ƙayyade wa kotu a yini.

Shekara talatin da biyar ya yi a haka, sai dai a ashirin da biyar ɗin farko tafireta ce a ƙarƙashin zanen. A ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. Ba a kafa rumfa ba, ba a buga kalanda mai hotonsa ba. Abokan aiki sun taru a baranda an sha kunun aya, liman ya yi addu'a, ya hau babur ɗinsa ya koma Gude. To, tunda ba a yi masa taro ba, bari wannan shafi ya zama taronsa.

Ya shiga aiki a 1984, lokacin da ake kiran tsuke bakin aljihu da sunan ostariti, har yara suna raɗa wa ƙaramin burodi wannan suna. Fallen kabon na yin kwafi guda ɗaya sai ya buga takarda ashirin da shi, ribon ɗin tafireta kuwa juya shi yake yi ciki da bai har sai rubutu ya koma kamar inuwa. Tafiretar ba ta da haruffa masu ƙugiya, don haka duk hukuncin da ya buga sai ya bi shi da biro, layi-layi, yana ɗora wa kowace ƙa da ɗa da ɓa ƙugiyarta. Yakan ce a takardar kotu akwai tazara mai nisa tsakanin ɗa da da, kuma ba a kansa za a raba mutum da gadonsa saboda ƙyuyar biro ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000 sai ƙararraki suka ninka. Mutanen da a da suke haɗiye zalunci su yi shiru suka fara zuwa: rabon gado, iyakar gona, ɓarnar shanu a fadama. Duk abin da aka yanke, ta hannunsa yake bi.

A 2009 wata ƙungiya ta kawo wa kotun kwamfuta guda da firinta. Wanda ya zo haɗa ta wani injiniya ne ɗan Kano, Zayyad, mutum mai fara'a da saurin magana. Ya sa mata irin tsarin nan na kyauta wanda ba a saye, ya kuma yi wata dabara ta kansa har haruffa masu ƙugiya suka riƙa fitowa da danna maɓalli ɗaya. Ranar da Malam Uwaisu ya ga ƙa ta fito a allo da ƙugiyarta ba tare da biro ba, sai da ya tashi ya kira masinja ya zo ya gani.

Kwana uku Zayyad ya yi yana koya masa. A rana ta ƙarshe ya bayyana masa cewa kwamfuta ba abu guda ba ce, tarin ƙananan manhajoji ne sama da dubu, kowace a cikin ƙunshinta. Ya ce akwai wata babba da ke kula da su duka: ita ke ɗauko sabon ƙunshi daga rumbun da ke intanet, ita ke girka shi, ita ke fitar da tsoho, ita ce kuma ta san wane ƙunshi ne ke jingine da wane. Malam Uwaisu ya ce ashe dai ma'aji ce, sunan kuwa ya bi ta. Zayyad ya tambaye shi ko ya gane, ya ce ya gane sarai. Bai gane ba. Amma kwamfutar tana buga hukunci, kotun ba ta da intanet balle Ma'aji ta nemi wani abu, don haka shekara bakwai ba abin da ya haɗa su. Zayyad kuma ya samu aiki a Abuja ya tafi.

Sai shekarar 2016 ta zo, aljihun gwamnati ya sake tsukewa. A cikin bazarar shekarar firintar ta yi wani ƙara kamar an taka gwangwani, ta mutu. Aka rubuta neman sabuwa, aka ce a yi haƙuri.

A makon ne wata dattijuwa, Gwaggo Marka, ta zo daga wani ƙauye a gundumar Durun. Iyayenta makiyaya ne da suka zauna suka kama noma. Da mahaifinsu Jalo ya rasu, an raba gadonsa a wannan kotu a 2011, kuma a gaban alƙali ƙaninta Musbahu ya ce ya bar mata rabonsa na gonar fadama, domin ita ta yi jinyar tsohon shekara shida. Yanzu Musbahu ya rasu, ɗansa Sagiru ya dawo daga Fatakwal bayan shekaru, ya ce bai taɓa jin wannan magana ba, kuma kashi biyu cikin uku na fadamar na mahaifinsa ne. Ba mugun mutum ba ne Sagiru. Aiki ya ƙare masa a kudu, ya dawo da mata da 'ya'ya huɗu, kuma da zuciya ɗaya ya yi imani ana so a cinye masa gado. Shaidu biyu na wancan zama, ɗaya ya rasu, ɗaya tsufa ya kwashe masa tunani. Takardar Gwaggo ta narke lokacin da ɗakinta ya rufta a wata damina. Alƙali Malam Mahbub, wanda ba shi ne ke kan kujerar a 2011 ba, ya sa a ɗauko kwafin kotu. Da aka buɗe kabad ɗin sito sai aka tarar gara ta riga kowa. Ba abin da ya rage na hukuncin sai wanda ke cikin kwamfutar Malam Uwaisu.

Alƙali ya ba da mako biyu. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, kuma duk wanda ruwan shuka ya samu ba shi da gona, shekararsa ta tafi.

Malam Uwaisu ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Ya kwafi hukuncin a filashi ya tafi Gwarzo, shagon buga takardu na wata Hajiya Badi'a da ke kusa da tasha. Da takardar ta fito sai ya ga abin da bai taɓa gani ba: duk inda ya kamata a ga harafi mai ƙugiya, wata baƙuwar alama ce a wurin, wata kamar ƙahon rago, wata sanda a tsaye, wata kamar tsutsa. Ya koma Kabo ya buɗe a kwamfutarsa, ya ga komai lafiya lau. Ya ce to, ashe haruffan a cikin tasa kwamfutar suke zaune, dole ita za ta buga. Aka aro masa firinta daga wani ofishi. Ya jona, kwamfutar ta yi kamar ba ta san da zuwanta ba. Ya cire ya mayar, ya hura wayar, ya kashe ya kunna. Shiru.

Da ƙyar ya samo lambar Zayyad. Bayan doguwar gaisuwa Zayyad ya ce firintar sabuwar fita ce, sai an sa Ma'aji ta ɗauko ƙunshin da ya san yarenta. Amma akwai matsala: kwamfutar tana kan tsohon zubi, an fitar da sababbi har uku a bayansa, kuma an daɗe da rufe rumbun tsohon. Sai an ɗaga Ma'aji kanta da duk abin da ke ƙarƙashinta zuwa sabon zubi, kuma ba a tsallake, sai dai hawa-hawa kamar tsani. Malam Uwaisu ya tambaya yaya za a yi a rufe rumbu alhali mai shi yana raye bai yi laifin komai ba. Zayyad ya yi dariya ya ce haka abin yake, ya dai fara kwafe dukan takardunsa a filashi, sannan ya nemi inda sabis ke da ƙarfi.

Ranar Litinin ya naɗe akwatin kwamfutar da firintar aron a bargo, ya ɗaure a bayan babur da roba, ya tafi Gwarzo yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai. Hajiya Badi'a ta share masa kusurwa a shagonta ta ba shi wayar intanet. Ita ta ba da labarin yadda ya zauna yini guda yana kallon wani ɗan layi yana rarrafe a allo, ba ya tashi sai salla. Kwamfutar tana ta zubo rubutun Turanci da gudu, shi kuma yana ƙoƙarin karantawa, kafin ya kama layi ɗaya goma sun wuce. Turancin kotu ya sani, amma wannan wani iri ne: kalmomin duk ya san su ɗaya-ɗaya, in an haɗa su ne suke zama baƙi. Hawa na farko ya ƙare gab da la'asar lafiya. Ya ce wa Hajiya ashe abin ba wuya. Ta ce Allah ya sa, Baba.

Washegari, ana tsakiyar hawa na biyu, wajen azahar, aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da injin shagon kwamfutar ta mutu. Da aka kunna ta sai ba hoto, ba 'yar kibiyar da ake dannawa da ita, ba komai, sai baƙin allo da ɗan farin rubutu a sama, da wata 'yar alama tana ƙyaftawa kamar tana jiran amsa.  Malam Uwaisu ya kira Zayyad, wanda ke cikin taro, shi kuma ya fito baranda yana magana ƙasa-ƙasa, sabis yana ɗaukewa yana dawowa. Zayyad ya ce kada ya tsorata, an katse Ma'aji ne tana tsakiyar aiki, za a umarce ta ta ƙarasa, sai dai yanzu ba dannawa, sai rubutawa. Ya fara yi masa shifta harafi-harafi.

"Baba, ka rubuta fi."

"Wace fi ɗin, Injiniya? Mai ƙugiya a ka, ko mai tulu a ka?"

"Wadda ake fara rubuta fetur da ita da Turanci. Sai ka bar fili, ka ja ɗan layi biyu a manne."

"In bar fili, kuma a manne?"

Sau biyar suna rubuta umarni ɗaya, kwamfutar tana cewa ba ta san shi ba. A na shida ta karɓa, ta yi ɗan aiki, sannan ta tsaya ta kawo ƙorafi. Hajiya Badi'a ta karanta, Zayyad ya fassara ta waya: ƙunshi na farko ba zai zauna ba sai an girka na biyu, na biyu ya ce shi sai sabuwar Ma'aji zai saurara, sabuwar Ma'aji kuma ba za ta iya ƙarasa shiga ba sai na farko ya zauna. Malam Uwaisu ya sa aka maimaita masa sau uku, ya zana a takarda, ya ga zanen ya zagayo ya ciji wutsiyarsa. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Injiniya, shekara talatin da biyu ina kotu, ban taɓa ganin shari'ar da mai ƙara da wanda ake ƙara da alƙali duk suke jiran juna ba."

Kwana biyu suka ƙara a kan wannan ƙulli. Zayyad yana turo umarni a saƙon waya, Malam Uwaisu yana kwafa da yatsa ɗaya, yana rubuta abin da kwamfutar ta amsa a littafi, yana karanta masa. Wani lokaci a ci gaba, wani lokaci a koma baya, shi kuma bai san wanne ne wanne ba sai ya ji muryar Zayyad. Ya ce a kwanakin nan ko a salla sai ya tsinci kansa yana tunanin wane ƙunshi ke jiran wane, har ya yi ƙabli da ba'adi. Ranar Alhamis da hantsi aka tilasta wa ƙunshi ɗaya zama, sauran suka biyo shi kamar tumaki, hoto ya dawo.

Hawa na uku ya tafi sumul har kusa da ƙarshe. Sai Ma'aji ta tsaya ta yi tambaya: akwai ƙunshi arba'in da ɗaya da ba su da gurbi a sabon zubi, a cire su? Malam Uwaisu ya buɗe jerin sunayen ya bi su da yatsa, ba wanda ya yi kama da sunan wani abu da ya sani. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya kira Zayyad. Zayyad yana tuƙi, ya ce tarkace ne, ya ce mata e. Ya ce e.

Kwamfutar ta tashi da sabuwar fuska, aka jona firinta, nan take ta gane ta. Hajiya Badi'a ta yi hamdala. Malam Uwaisu ya buɗe hukuncin Gwaggo Marka domin ya buga, sai ya ga ƙahon rago da sanda da tsutsa sun cika allon. Ya buɗe wani hukuncin, haka. Ya buɗe na uku, na goma, haka. Ya kira Zayyad ya gaya masa.  Zayyad ya yi salati ya ce dabarar haruffan nan da ya yi a 2009, shi ya ƙulla ta da hannunsa ya mai da ita ƙunshi, ba ta cikin rumbun kowa, don haka Ma'aji ta lissafa ta cikin marasa gurbi. Ya manta da ita ɗungurum. Kwafinsa kuma ya tafi tare da wata tsohuwar kwamfutarsa da ta ƙone tuntuni. Ya yi ta ba da haƙuri. Malam Uwaisu ya ce ba komai, shi ya danna.

A hanyar komawa Kabo ne wani tunani ya faɗo masa wanda ya fi komai ciwo. Mako guda da ya wuce hukuncin yana nan garau a allo. Da ya kira Alƙali da Sagiru sun karanta da idonsu, ko da ya kwafe shi da biro an sa hatimi, da tuni an gama. Neman firinta ya rufe masa ido har bai ga hanyar da ke gaban ƙofarsa ba. Ya tsayar da babur a gindin wata ɗorawa ya zauna ya daɗe.

Da safe bai jira a tambaye shi ba. Ya shiga wurin Alƙali ya durƙusa ya faɗi komai, har da hanyar da ya kasa gani. Bai ambaci sunan Zayyad a laifin ba. Alƙali Mahbub ya duba takardar da aka buga, ya ga inda aka rubuta cewa Musbahu ya ce ba shi da sauran "ha}}i" a fadamar, maimakon "haƙƙi". Ya ce shi ya fahimci abin da ake nufi, amma ba zai iya raba mutum da gona da takardar da shi kansa mai buga ta bai san dalilin da ya sa ta koma haka ba. In Sagiru ya ce an taɓa ta, me za a ce masa? Saura kwana huɗu.

Da ya fito sai ya tarar da Gwaggo Marka a kan benci, ta zo jin labari. Ya gaishe ta, ya rasa ta inda zai fara. Ya ce mata takardar tana nan amma haruffanta sun canza kama. Ta tambaya ko aljanu ne. Ya ce a'a. Ta tambaya ko wani ne ya shiga ya goge. Ya ce a'a, ba a goge komai ba. Ta ce to in ba a goge ba, kuma tana nan, me ya hana a karanta? 

"Malam, ni ban san boko ba," in ji ta. "Amma ranar da Musbahu ya yi maganar nan kana zaune a can kusurwa kana bugawa. Na gan ka. Kai dai ka nemo min maganar ƙanina."

Ya koma ofis ya zuba wa takardar ido. Hannun da ya yi shekara ashirin da biyar yana bin layi da biro bai manta aikinsa ba. Ya ɗauki biro ya fara gyarawa ba tare da ya yi niyya ba. Kafin ya kai ƙarshen shafi sai ya lura da wani abu: ƙahon rago bai taɓa zama a ko'ina ba sai a gurbin ƙa. Sanda kullum ɗa ce. Tsutsa kullum ɓa. Ba rikicewa suka yi ba, riga suka canza. Amma sanin da ya yi ba hujja ba ne, sai an samu abin da wanda bai yarda da shi ba zai gani da idonsa.

Kwana biyu ya yi a sito yana tonon abin da gara ta bari. Ya fito da hukunci goma sha biyu na shekarun baya, waɗanda tsohuwar firinta ta buga da haruffansu daidai, kowane da hatimin kotu da sa hannun tsohon alƙali. Ya nemo kowannensu a kwamfuta ya sake buga shi yadda ya koma yanzu, ya haɗa tsoho da sabo da allura.

Ranar zama kotu ta cika, don labari ya bazu cewa kwamfuta ta haukace. Kamar yadda aka zata, Sagiru ya duba takardar ya ce wannan ba rubutun kotu ba ne, wani ya yi wasa da ita. Malam Uwaisu ya nemi izinin magana, abin da bai taɓa yi ba a zaman kotu.

"Allah ya gafarta Malam, ni ban san dalilin da ya sa haruffan suka koma haka ba. An yi min bayani, ban gane ba. Amma ga takardu goma sha biyu da ba ruwansu da wannan shari'a. A ba Sagiru ya zaɓi wadda ya so, ya gwada tsohuwa da sabuwa. In ya samu wuri ɗaya da alama ta saɓa, a jefar da tawa."

Sagiru ya yi karatu har sakandare. Ya zauna a benci ya zaɓi uku, ya bi su kalma-kalma da ɗan yatsa, mutane suna jira, fanka ba ta juyawa. Ya ƙara ɗaukar biyu. Ya fi rabin awa. Daga nan ya ajiye su ya ce bai samu ba. Alƙali ya ce to, ya ɗauki takardar 2011 ya karanta wa kotu da bakinsa, yana mayar da kowace alama gurbinta.

Ya fara da ƙarfi. Da ya zo kan maganar mahaifinsa sai muryarsa ta ragu. Malam Uwaisu ya buga ta ne yadda Musbahu ya faɗe ta, bai gyara masa Hausa ba: cewa ya bar wa yayarsa rabonsa halak malak, domin lokacin da shi yake yawon kasuwannin shanu ita ce ke juya tsohonsu a shimfiɗa, kuma ko 'ya'yansa kada su tayar da maganar, in suna neman albarkarsa. Sagiru ya tsaya a nan. Ya ce wannan "halak malak" ɗin, da wannan jan kunne, bakin babansa ne, ba wanda zai iya ƙirƙiro shi. Ya janye ƙararsa, ya je ya durƙusa gaban gwaggonsa. Masinjan kotu ya ce ya ji abin da ta gaya masa a baranda: fadamar ta fi ƙarfinta ita kaɗai, ya zo ya kama gefen yamma ya noma wa yaransa. Ruwan shuka ya sauka bayan kwana shida.

Wani da a nan zai tsaya, a yi ta ba da labarinsa. Malam Uwaisu kuwa ya ce in hukunci ɗaya ya kusa salwanta, to akwai sama da dubu biyu a bayansa. Zayyad ya koya masa yadda sabon zubi ke rubuta haruffa masu ƙugiya na ainihi, waɗanda kowace kwamfuta ke ganewa, da yadda ake musanya alama da harafi a takarda guda gaba ɗaya. Duk da haka bai yarda ya bar wa na'ura ita kaɗai ba. Kowane hukunci sai ya musanya, ya karanta daga farko har ƙarshe, ya buga kwafi a ajiye a akwatin ƙarfe inda gara ba ta kai. Wata goma sha huɗu ya yi yana wannan a cikin awa biyun janareta, bayan aikin yini. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya sani sai masinja. Kafin ya ajiye aiki ya sake ɗaga Ma'aji zuwa sabon zubi, wannan karon a kan lokaci, kuma da ta kawo jerin waɗanda za ta cire sai da ya kwashe kwana uku yana tambayar kowane suna. Malama Zinnira, wadda ta gaje shi a kujerar, ta ce ya bar mata littafi mai shafi tamanin, kuma a wurare da yawa ya rubuta da jan biro: nan ban gane ba, amma ga abin da na yi, ga abin da ya faru.

Malam Uwaisu, kai ne ka shiga duhun da ba ka san iyakarsa ba saboda gonar wata tsohuwa da ba danginka ba. Kai ne ka yi kuskure ka kai kanka gaban alƙali kafin a neme ka, ka kuma rufa wa wanda ya ba ka shawara asiri. Kai ne ka tsaya a gaban jama'a ka ce ban gane ba, a zamanin da kowa ke jin kunyar wannan kalma, sannan ba ka mai da ita uzurin naɗe hannu ba. Na Gude, akawun da gara ta kasa. Akwai gidaje a Durun da Masanawa da za su yi rabon gado nan da shekara talatin cikin lumana, ba tare da sun san sunan wanda ya tsare musu takarda ba.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya sa hutun nan ya zama mai albarka, ya ba ka lafiyar cin moriyarsa. Ku kuma da ke zaune gaban na'urori a ofisoshi da asibitoci da makarantu, ana turo muku sababbin abubuwa ba tare da an tsaya an koya muku ba, ba a ce sai kun gane komai ba. A bayan kowane fayil akwai mutum a kan benci yana jira. Ku tambaya, ku rubuta, ku faɗi gaskiya in kun yi kuskure, kada ku tashi sai kun nemo masa maganarsa.